Mai Sauko da Malama

Yayana idan ya shiga gidan mutane ba fuskokinsu yake fara duba ba, ƙofarsu yake dubawa. Ya auna faɗinta da ido, ya juya ya dubi doguwar kujerar da ke falo, sai ka ga yana lissafi a ransa yadda aka shigo da ita da yadda za a fitar. Ko gaisuwar rashi muka je haka yake yi, sai na zungure shi da gwiwar hannu. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, kwashe kayan masu tashi daga wannan gida zuwa wancan. Su huɗu ne da babbar motarsu, da igiyoyi, da tsofaffin barguna na naɗe madubi. Abokan aikin suna kiransa Basamude, kuma ba su yi ƙarya ba. Idan za a sauko da firji daga bene shi ne a ƙasa, domin na ƙasa shi nauyin ke dannewa. Ya ja numfashi ya riƙe, jijiyoyin wuyansa su tashi, ba zai sake shi ba sai kayan sun taɓa ƙasa.

Ni ce autarsu, ɗinki nake yi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini keken ɗinkina na farko, ya hau da shi ɗakina a kafaɗa ɗaya yana cin rake da ɗaya hannun. Ba na ɓoye cewa ina da baki, kuma rabin abin da bakina ya faɗa a duniya a kansa ya ƙare. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce "to, Auta," ya je ya yi abin da ya riga ya yi niyya.

Matarsa malamar firamare ce, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har shi. 'Yar siririya ce, amma idan ta ɗaga murya har masu shagon titin sai su gyara zama. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba. Suna cikin ƙuruciyar aurensu motar haya ta kife da ita a hanyar dawowa daga wani taron malamai. Ta rayu, amma lakarta ta tsinke, ƙafafun suka tafi.

A hawa na uku suke zaune, a wani tsohon gini da ba shi da na'urar hawa. Kowa ya ce su tashi. Na ce su tashi. Sai dai duk ƙasan gidajen layin shaguna ne, makarantarta kuma tana ƙarshen layin, keken guragu na isa ba tare da an tsallaka babban titi ba. Mutumin da ya tayar da rabin garin daga gidajensu ya ce shi ba inda za shi. Ya ce bene ai don masu hawa aka yi shi, kuma shi yana hawa.

Haka rayuwarsu ta zauna. Da safe ya fara sauko da keken ya ajiye a gindin matattakala, ya koma ya ɗauko ta, hannu ɗaya a bayanta ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, jakar littattafanta a wuyansa. Da rana, ko ina motarsu take, ko kayan wane ne a tsakiyar titi, zai bar su ya zo ya mayar da ita sama. Abokan aikin sun gaji da mita sun saba. Tana hannunsa tana yi masa faɗa, wai ya bi a hankali ita ba firji ba ce, shi kuma ya ce firji ya fi ta sauƙi don ba ya magana. Likitan gashin ƙashi ya so ya koya mata yadda za ta riƙa matsawa da kanta daga gado zuwa keke, Yaya ya ce wahalar ta mece ce alhali yana nan. Ko zuwa bayi shi ne, ko juyi a gado shi ne. A lokacin mun ɗauka ƙauna ce kawai, kuma ƙaunar ce. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin ranar da ba ya nan.

Ciwon ya same shi a bakin aiki. Suna sauko da wata ƙatuwar sif, shi a ƙasa kamar kullum, sai ya ji kamar an sa wuƙa an tsaga bayansa daga tsakanin kafaɗu zuwa ƙugu. Abokan aikin sun ce bai saki sif ɗin ba. Sai da ya kai ta inda matattakalar ta yi kwana ya dire ta a hankali, ya jingina ta da bango, sannan ya zube. Har yau idan suna ba da labarin da alfahari suke faɗa, ni kuwa takaici ke kama ni.

A asibiti likitan jijiyoyin jini ya zaunar da ni ya yi mini bayani da zane. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta gangara ta bayan ƙirji, bangonta ba falle ɗaya ba ne. Na ciki ya yage, jini ya kutsa ta wurin yagewar ya raba shi da na waje, ya yi wa kansa hanya ta biyu. Na gane nan take, domin na sha ganin rigar da shafinta ya rabu da fuskarta, ka zura hannu ka rasa ta wace kafa ka shiga. Ya ce ba za su yanka ba tukuna. Za a danne hawan jininsa da magani, a riƙa ɗaukar hoto ana duba faɗin wurin, domin bangon waje siriri ne, kuma da shekaru yakan buɗe ya kumbura. Abu ɗaya ya nanata: ɗaukar nauyi ya ƙare. Duk lokacin da mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura, jini na bugun bangon nan da ƙarfi.

Yaya ya ji rabin maganar. A wurin aiki ya daina ɗauka, ya koma tuƙi da nuna wa sauran ta inda za a juya kaya, yana tsaye yana cizon leɓe idan sun goga kujera a bango. Amma da na ce Malama fa, sai ya kalle ni kamar na zage ta. Ya ce likita kaya ya hana, Malama kuma ba kaya ba ce.

Daga nan ya ƙirƙiro dabararsa, wadda ba a taɓa jin irinta ba sai a kan ɗan dako mai taurin kai. Ya ce ɗauka tana hawar da jini, ƙwaya tana saukar da shi, to sai a haɗa su su kashe juna. Bayan maganin da Malama ke ba shi da safe, sai ya riƙa ware wasu ƙwayoyin a kwalin ashana cikin aljihun rigar aikinsa. Kafin ya ɗauke ta ya haɗiye guda, ba ko ruwa, ya ɗan jira, sannan ya sunkuya. Kamar yadda yake ɗaure ɗamara kafin babban kaya, haka ya ɗauki abin. Na kai ƙararsa wurin likita a gabansa. Likita ya yi masa faɗa sosai, ya ce magani ba haka yake aiki ba, kuma wata rana jiri zai kwashe shi a tsakiyar bene. Yaya ya ce "to, likita." Na san wannan "to" ɗin tun ina goye.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, kuma abin haushin shi ne bai faɗi ba. Duk safiyar da ya sauko da ita lafiya sai ta zame masa hujja. Hoton ne kawai ba ya ɗaukar hujjarsa. Kowace shekara likita ya auna, kowace shekara wurin ya ƙara faɗi. Sai muryarsa ta fara dishewa ba mura ba tari, wai kumburin ne ya danne wata jijiya ta maƙogwaro. Bayan nan ciwon baya ya dawo, mai nuƙurƙusa, wanda ke hana shi jingina da kujerar mota. Ranar da likita ya dubi hoton ya sake dubawa ya ajiye alƙalaminsa, na sha jinin jikina.

Ya ce wurin ya kai girman da zai iya fashewa, kuma idan ya fashe ba a cika kaiwa asibiti ba. Amma akwai gyara, kuma ba sai an buɗe ƙirji ba. Za a shiga ta jijiyar matsematsi, a tura wani bututu na ƙyalle mai ragar waya a naɗe, a bi da shi sama ana kallo a allo, idan ya kai wurin yagewar a sake shi ya buɗe ya manne da bango. Jini ya bi ta cikinsa, hanyar nan ta biyu ta rasa mai ciyar da ita ta daskare. Sabon shafi ke nan, daga ciki. Yaya ya tambaya ko ana mutuwa, likita ya ce akan mutu amma ba da yawa ba, Yaya ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin mai. Sai likita ya ce akwai abu na biyu. Daga jikin babbar jijiyar nan wasu ƙanana ke fita suna kai wa laka jini, kuma bututun zai rufe bakin wasunsu. Yawancin mutane jininsu na samun wata hanya. Kaɗan daga ciki ba ya samu, sai ƙafafu su mutu.

Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce da muryarsa da ta dishe, "Likita, gidanmu wurin keke ɗaya ne." Ya fita ya bar ni da godiya da ba da haƙuri.

Na yi masa magana ta hankali, na yi ta rashin kunya, na yi kuka, na kawo masa abokan aikinsa. Ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. Mutuwa ba ta dame shi ba, ko ya ce ba ta dame shi ba. Abin da ba zai iya kallo ba shi ne su biyu a sama, kowa na kallon ƙafafun ɗan'uwansa. Da na ce idan kumburin ya fashe ya mutu wa zai sauko da ita, sai ya ce aƙalla zuwa ranar yana saukowa da ita.

Malama ce ta karya shi. Wata safiya ya sauko da keke, ya haɗiye ƙwayarsa, ya koma sama ya same ta ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Ta ce ta rubuta wa makaranta ta ɗauki hutu, kuma ba zai ƙara ɗaukarta zuwa ƙasa ba sai da bututun nan a ƙirjinsa. Idan ya taɓa ta da ƙarfi za ta yi ihun da duk layin zai fito. Ya san za ta yi. Ya yi fushi, ya daina cin abincin gidan, ya yi ta zirga-zirga a falo kamar wanda aka ɗaure. Ita kuwa ta zauna a bakin taga da littafinta ko ɗaga kai ba ta yi. Da ya ga da gaske ta fi shi taurin kai, ya ce in kira likita.

Ni na raka shi. Malama ta zauna a sama da wata maƙwabciya, wayarta a cinya. Aikin bai ɗauki tsawon da na zata ba. Da suka fito da shi na yi ta neman inda aka yanka, ashe ɗan filasta ne a matsematsi da wani siririn tiyo a gadon baya da ke rage ruwan laka don jini ya samu sarari. Nas-nas ba su bar shi ya huta ba, bini-bini sun zo sun ce ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu. Yana ɗagawa. Daga baya har ya riƙa cilla su sama tun kafin a tambaya, yana cewa a ɗora masa wani abu a kai ya nuna musu. Na kira Malama na ce ƙafafu suna nan. Sai ta fashe da kuka a waya. Tun hatsarinta ban taɓa jin ta yi kuka ba sai ranar.

Kafin a sallame shi likita ya tsayar da mu ya yi magana a hankali, yana kallon Yaya cikin ido. Ya ce yanzu abin ya juya. Shekara da shekaru ana danne jininsa, amma a makonnin nan so ake ya ɗan hau, domin da ƙarfinsa zai matsa ta ƙananan hanyoyin da suka rage ya isa laka. Saboda haka ya dakatar da magungunan hawan jinin sai guda ɗaya, har sai an ce ya koma. Kada ya ɗauki komai. Idan kuma ya ji ƙafa ta yi nauyi ko ta yi sanyi ko tana neman mutuwa, ko a tsakiyar cin abinci ne ya ajiye ya taho, domin a sa'o'in farko akan iya ceto ta, bayan nan kuwa sai dai haƙuri. Na maimaita wa Malama kalma da kalma. Ta tattara magungunan gidan ta kulle a durowarta ta rataya makullin a wuya. Kwalin ashanan yana cikin rigar aiki a bayan ƙofa, kuma shi kaɗai ya san bai ƙare ba.

Abokan aikinsa suka zo dubiya. Suka ce a nuna musu wurin aiki, ya ɗan janye wando ya nuna. Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce shi ƙusa ta yi masa abin da ya fi wannan kuma bai fasa fita ba, wani ya ce ashe hutu kawai Basamude ya je ya yi a gadon asibiti. Ba da mugunta suka faɗa ba. A sana'arsu da ido ake auna ciwo, wanda bai ga jini ko ɗauri ba bai ga komai ba. Yaya ya taya su dariya, amma na ga bayan sun tafi yana shafa filastar da ɗan yatsa. Shi ma haka aka koya masa auna ciwo.

Malama kuwa tana sama, tun daga ranar da ta riƙe ƙarfen gado. Ni da maƙwabta mata biyu muke ɗaga ta daga gado zuwa keke, kuma ba mu iya ba. Mu ja hammata, mu bugi ƙashin ƙugunta da hannun keke, ita ta daure, shi yana zaune yana kallo haƙoransa a datse. Sau ɗaya abokan aikin suka ce bari su sauko da ita cikin kekenta. A kwanar farko keken ya karkace, ta ga ramin matattakala a ƙarƙashinta, ta ce su mayar da ita. Ba ta ƙara yarda ba. Ana haka shugaban makaranta ya aiko a gaya mata, cikin ladabi, cewa idan ba ta dawo da buɗe sabon zango ba dole a ba wani ajinta. Ta ce a ba shi, ajin ba gadonta ba ne. Amma da safe idan yara suna wucewa da jakunkunansu takan tura kekenta bakin taga, ta daɗe a wurin ko shayinta ba ta sha. Yana ganinta.

Ranar buɗe makaranta ba na nan, ina shagona. Abin da zan faɗa daga bakin Malama na ji shi, da bakin mai shagon fenti da ke ƙasan ginin, da ɗan abin da Yaya ya yarda ya faɗa daga baya.

Ya tashi da wuri ya sa rigar aikinsa. Ya yi tunani irin nasa, ya ce yanzu akwai sabon bututu a ciki da bai gama zama ba, kada jini ya buge shi lokacin yunƙuri, gara a ninka kariya. Sai ya haɗiye ƙwaya biyu. Kiyayewa yake yi, a ganinsa. Ya sauko da keken, ya koma, kafin Malama ta gane abin da ake ciki ta ji ta a sama. Ta dake shi a kafaɗa, ta kira shi da sunayen da ba ta taɓa kiransa da su ba. Da suka kai matattakala dole ta yi lamo, domin ta san idan ta motsa su biyun za su gangara. Ya sauko da ita tsaf, ya zaunar da ita, ya gyara mata ƙafafu a kan matakin keke, ya ce, "Kin gani?"

Ta kau da kai, a haka ya tura ta har ƙofar makaranta. Amma ta gaya mini da yaran suka yo kanta da gudu, daɗin da ta ji ya fi fushin. Ta ce wannan daɗin shi ne abin da ba za ta yafe wa kanta ba, duk da na sha gaya mata ba ita ta haɗiye ƙwayar ba.

Shi kuma ya dawo a ƙafa cikin rana. Kafin ya iso jiri ya fara ɗibarsa, sai ya zauna a matakin farko na benen ya huta. Mai fenti ya ba shi ruwa. Zuwa hantsi ya ji ƙafafun sun yi nauyi, ya ce zama ne ya sa suka yi barci. Ya murza su, ya bubbuga. Ya kama ƙarfen matattakala ya gwada tashi, hannuwan suka ɗaga shi, ƙafafun ba su karɓa ba. Ya san abin da likita ya ce. Wayarsa tana aljihu, mai fenti yana taku kaɗan daga inda yake, motocin haya na wucewa a gabansa. Amma idan ya yi magana za a kai shi asibiti a kwantar, Malama kuma tana ƙasa, shi ya sauko da ita, wa zai mayar da ita sama? Sai ya yanke cewa ƙwayar za ta sake shi kafin a tashi makaranta, ya hau da ita, sannan ya faɗa. Masu hawa da sauka suka yi ta raɓa shi suna yi masa barka da jiki, yana amsawa da murmushi. Haka ya zauna har rana ta juya.

Wata abokiyar aikinta ce ta turo Malama gida. Tun daga nesa ta hango shi ta ɗaure fuska, ta shirya faɗan da ta tara tun safe. Da suka matso sai ta daina kallon fuskarsa. Ƙafafunsa sun faɗi gefe da gefe, kowace ta kalli nata wajen, irin kwanciyar da ta fi kowa sani a duniya.

Ta ce, "Maigida, takalminka ya fita."

Ya sunkuya ya duba. Takalmin na gefe, tafin ƙafarsa a kan siminti mai zafi, bai sani ba.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun hantsi. Yanzu zai sake ni, Malama. Bari in ɗan ƙara hutawa in hau da ke."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kira mai fenti da muryar aji, ta ce ya tare mota.

A asibiti sun yi iya yinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Suka hawar da jininsa da allurai, suka mayar da tiyon nan na baya, suka yi ta tambayarsa ya motsa. Washegari babban ɗan yatsan ƙafar dama ya ɗan girgiza, muka ɗora rai a kai, daga nan bai ƙara ba. Likita ya ce da an zo da hantsin da wataƙila. Ya kuma ce, don dole ya faɗa, hoton ya nuna bututun ya zauna daram, yagewar ta rufe, kumburin ya fara sacewa. Aiki ya yi kyau. Na rasa dariya zan yi ko me. Na shiga ɗakin na tsaya a kan Yaya, na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce ƙarfi Allah ya ba shi ya hana shi kunne. Ya saurare ni har na gama. Bai ce "to, Auta" ba, ya juya fuskarsa bango kawai. Da ya faɗa ɗin da ya fi mini sauƙi.

Ba ɗayansu da ya ƙara ganin ɗakin nan na sama. Malama ta zauna a wurina har aka sallame shi. Abokan aikinsa suka kwashe kayan, ba su goga ko kujera ɗaya a bango ba, ba kuma wanda ya yi wasa ranar. Aka samu ɗaki biyu a ƙasa a bayan wani gidan burodi, can wata unguwa, nesa da makaranta. An ba wani ajin. Ɗakin kwanan gado biyu yake ɗauka da 'yar hanya a tsakani, keke ɗaya ke shiga a lokaci guda, ɗayan ya jira a falo.

Shi ya koyi matsawa daga gado zuwa keke cikin ɗan lokaci, hannuwan dako ne. Ita ce abin ya yi wa wuya. Abin da ya kamata ta koya tana da ƙuruciya yanzu take koyonsa da furfura, da kafaɗun da ba su taɓa ɗaukar abin da ya wuce alli da littafi ba. Kullum da safe nakan biya in taimaka mata ta tashi kafin in buɗe shago. Ba ta son haka. Ta ce ta gaji da jiran hannun mutane.

Wata safiya wata mai kayan biki ta tsare ni, ban iso ba sai da rana ta ɗaga. Na yi sallama, aka amsa daga ciki, amma muryoyin daga ƙasa suke fitowa. Na shiga na ga gadajen biyu ba kowa. Malama ta gwada hawa keke ita kaɗai, keken ya zame, ta faɗo a 'yar hanyar nan ta tsakani, goshinta ya kumbura. Wayar tana falo. Yaya kuma yana kwance kusa da ita a kan tayil, ya cusa wannan ƙaton jiki a wurin da ko ni ba zan shiga da daɗi ba. Ya jawo filonsa ya sa mata, ya lulluɓe ta da bargonsa, hannunsa a ƙarƙashin wuyanta.

Na ce, "Yaya, kai ma faɗowa ka yi?"

Ya ce, "A'a. Na ga ba zan iya ɗaga ta ba, shi ne na sauko."

Na ajiye jakata, na fita neman mutane a gidan burodi.